Kamfanin jin ra'ayin masu zaɓe da muka ɗauka don zaɓen 2023: inda ya yi riƙo da inda ya zuba

Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari shekara ashirin da 'yan kai. Siyasa ba sana'ata ba ce. Abin da ya jefa ni cikinta a 2022 shi ne aminina tun na makarantar allo ya samu tikitin takarar majalisar dokokin jiha, ya rantse ba mai riƙe masa jakar kamfe sai ni, don ya san ba na fitar da sisi ban rubuta ba. Da hannuna na biya wani kamfani mai binciken ra'ayin masu zaɓe da tsara saƙon kamfe, kuma tun daga lokacin masu shirin fitowa takara suke biyo ni har shago suna tambaya ko abin ya ci kuɗinsa. Gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ba zan kama sunan kamfanin ba, tunda zan faɗi aibinsu kuma ba sa nan balle su kare kansu. Haka sunan ɗan takarar da jam'iyyarsa. Mazaɓar dai tana gefen birni ne, rabinta unguwanni masu cunkoso, rabinta ƙauyukan da har yanzu dawa da gero ne arzikinsu.

Ofishinsu ɗaki biyu ne a saman wani bene, fanka ɗaya, kwamfuta uku. Shugaban, wanda kowa ke ce wa Malam, tsohon malamin lissafi ne. Sai wata mata mai ƙarancin magana da suke kira Malama, ita ke kula da masu shiga unguwa. Mun je musu a farkon Oktoba, kwanaki kaɗan kafin INEC ta buɗe ƙofar kamfe na 'yan takarar gwamna da majalisar jiha ranar 12 ga wata. Kaya uku suka shimfiɗa mana: tambayar mutum 600 gida-gida sau biyu, zaman tattaunawa da ƙananan rukunai na maza da mata, sai tsarin abin da ɗan takara zai riƙa faɗa da inda zai faɗe shi. Suka yi kuɗi naira miliyan 3. Na taya rabi. Muka yi ta ja, aka sallama a miliyan 2 da dubu 200, rabi a hannu, cikon in aiki ya zo. Ga mai son ya auna, dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade wa ɗan takarar majalisar jiha kashe miliyan 30 gaba ɗaya, don haka ba ƙaramin yanka ba ne a jakata.

Malam ya fara da irin zancen da duk mai talla ke yi, wai ai ko APC kafin zaɓen 2015 ta ɗauko kamfanin AKPD na Amurka, wanda David Axelrod mai tsara wa Obama kamfe ya kafa. Wannan bai motsa ni ba. Mu ma a kasuwa muna cewa matar gwamna irin wannan zanen ta ɗaura. Na ce masa, "Malam, mutum 600 za ka tambaya, ka gaya mini zuciyar mutum sama da dubu 100?"

Ya ce, "Alhaji, in ka je Dawanau sayen buhun wake, zazzage shi kake yi ka ƙirga?"

Na ce a'a, soka shi ake yi a ga abin da ya fito.

"A ina ake sokawa?"

Na ce sama da tsakiya da gindi, don mai algus a sama yake zuba mai kyau.

Ya ce to aikinsu ke nan, kuma yawan suka ba shi ne gwaninta ba. Ya ba ni labarin wata mujalla a Amurka, Literary Digest, da a 1936 ta aika takardun tambaya wajen miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta buga cewa Alf Landon zai kada Shugaba Franklin Roosevelt. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya cinye jiha 46 cikin 48. Yawancin sunayen daga kundin masu tarho da masu mota ta kwaso su, a zamanin da talaka ba shi da ko ɗaya. Sun soki buhun sau miliyan biyu, amma duk a sama. A nan ne na gyara zama. Lokacin kuwa ana ta cece-ku-ce kan ƙuri'ar jin ra'ayi da NOI Polls ta yi wa gidauniyar ANAP ta waya, wadda ta nuna Peter Obi a gaba. Malam ya ce kar in tsaya kan wanda ke gaba, in dubi tarin waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba ko suka ƙi amsawa, kusan rabin waɗanda aka kira. Ya ƙara da cewa a yankinmu ba zai yi aiki da waya ba ko an ba shi kyauta, don a gidaje da yawa wayar ta maigida ce, matar da ke da tata kuma ba ta ɗaga baƙuwar lamba.

Yadda suka yi sukar ya burge ni, kuma har gobe a nan nake ba su maki. Jerin rumfunan zaɓe na INEC suka ɗauko, tunda Kano tana da rumfa 11,222 bayan ƙarin da aka yi a 2021, suka ware na mazaɓarmu, suka fitar da 40 ta hanyar ƙuri'a, ba wai waɗanda ke bakin titi ba. A kowace rumfa mutum 15. Mai tambaya ya fara daga rumfar, ya ƙirga gidaje, ya shiga na biyar, a cikin gidan ma ƙuri'a ce ke fitar da baligi ɗaya, wannan gida namiji, na gaba mace. Masu tambayar su 12 ne, 7 mata. A waya suke cike amsa, da wata manhaja mai suna KoboCollect da ke aiki ko ba sabis, tana kuma ajiye lokaci da wurin da aka cike kowace takarda. Ba su faɗa wa kowa wa ya aiko su ba. Mu ma an roƙe mu kar mu faɗa.

Ranar da aka kawo sakamako bayan sallar isha'i ne, a falon Honarabul, mu biyar kacal. (Tun kafin a kaɗa ƙuri'a ake kiransa Honarabul, haka al'adar take.) Abu na farko da Malam ya faɗa shi ne mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba sun fi waɗanda suka san shi yawa, a cikin mata kuwa abin ya fi muni. Waɗanda suka san shi ma, da yawa ba da sunansa suka san shi ba, "yaron wane" suke ce masa, wato ubangidansa na siyasa. Fuskar Honarabul ta canza. Ya ce, "Malam, ka je taronmu na ranar Asabar kuwa? Ko masaka tsinke babu."

Malam ya ce, "Na je, ranka ya daɗe. Na kuma je na abokin karawarka ranar Talata. Akwai fuskokin da na gani a duka biyun, riga da hula kawai suka sake."

Ni da na biya kuɗin motocin da suka kwaso su, sai na sunkuyar da kai ina duba littafina. Wannan maganar kaɗai, a ganina, ta ci kwata na kuɗin. Ba don sabuwa ce ba. Duk wanda ke falon ya san 'yan jagaliya na kowa ne. Amma ba wanda zai iya faɗa wa Honarabul, don kowa a cikinmu da abin da yake ci a jikin taron, ko kuwa yana jin nauyi. Sai da aka biya baƙo ya faɗa.

Inda kayan suka fi nagarta kuwa shi ne aikin Malama da matanta. Kamfe a wajenmu harkar ƙofar gida ce. Ɗan takara ya tsaya a zaure, ya gaisa da maigida, ya zauna a majalisa, ya sha shayi, ya wuce. Cikin gida ba a shiga. Amma ranar zaɓe ka dubi layin mata ka ga ko ƙarami ne. Duk abin da muka sani game da su ta bakin shugabar mata ta jam'iyya muke jinsa, ita kuma, Allah ya saka mata, da'irarta ba ta wuce masu zuwa gidanta ba. Malama ta yi zama shida a tsakar gida, a kan tabarma, mata takwas zuwa goma a kowane zama, ta naɗi muryoyinsu da izininsu ba tare da sunaye ba. Na saurari duka shidan a mota, tsakanin gida da kasuwa, wasu har sau biyu.

Mu a fostarmu da jawabinmu muna ta zancen tallafin karatu da koya wa matasa sana'a. Ba su ƙi ba, amma ba shi ne ke hana su barci ba. Ruwa ne farko. Nawa ɗan garuwa ke sayar da jarka, nawa ke tafiya a wata, wane famfo ne aka ƙaddamar da kiɗa ya mutu kafin a kwance rumfa. Sai haihuwar dare, don ƙaramin asibitin unguwa da magariba ake rufe shi, in naƙuda ta tashi sai neman a-daidaita-sahu cikin duhu. Sai ƙwacen waya da shaye-shayen yara, wanda uwa ke faɗa muryarta na rawa, don wani lokacin ɗan nata ne a ciki. A ƙauyukan kuma taki ne, da wata gada da ruwan damunar 2022 ya cinye gefenta. Da Malama ta tambaye su yadda suke gane ɗan takara nagari, ba wadda ta kawo zancen ƙuduri ko kasafin kuɗi, alhali shi ne ainihin aikin ɗan majalisa. Abin da suke lissafawa shi ne wa ke ɗaga waya bayan ya ci, wa ya tare a cikin gari ya sake lamba, wa aka gani a jana'iza. Wata tsohuwa ta ce mata, "'Yar nan, wanda bai zo mana gaisuwar mutuwa ba, shi ne zai zo mana da rijiya?"

Sai zancen da ya taɓa aljihuna. Na riga na shirya kawo turmi 400 na atamfa da za a raba, da ribata a ciki, ba zan ɓoye ba. Malama ta tambaye su game da rabon atamfa da sabulu da taliya. Dariya suka yi. Kowa ya kawo za a karɓa, ai haƙƙinsu ne da aka danne. Wata ta ce a 2019 zane uku ta ɗinka na jam'iyya uku, ranar zaɓe kuma ta dangwala wa wanda malamarsu ta Islamiyya ta ce yana da tsoron Allah. A nan muka koyi wani abu da ya rushe lissafinmu. Mun ɗauka in ka samu maigida ka samu matansa. Wasu haka ne. Amma da yawa shawararsu tana wajen malamar Islamiyya, ko uwar adashi, ko ungozoma, ko babban ɗansu mai karanta musu abin da ke yawo a WhatsApp. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya cikin jerin mutanen da kamfenmu ya shirya gani. Na rage odar atamfa zuwa turmi 150, raina bai so ba.

Shawarar da suka bayar a taƙaice take. A rage gangami, a koma ƙananan zama uku a rana, har da na mata ta hannun matar Honarabul da 'yan uwansa mata. A bar alkawari goma a riƙe biyu, ruwa da asibitin dare, a faɗe su da adadin da mutum zai iya ƙirgawa ya kama ka da shi. A yi saƙon murya da bakinsa, kar ya kai minti ɗaya. A rediyo kuma a bar sojojin baka su yi faɗansu a irin su Kowane Gauta na Freedom Radio, shi ya nemi lokacin da mata ke aikin gida da rediyo a kunne. Rabin wannan aka bi. Ɗaya rabin ya mutu a hannun mutanenmu, don binciken ya taɓa tuwon wasu. Mai kawo motoci, mai kawo makaɗa, mai buga riguna, duk suka taso. Har aka fara raɗa cewa Malam ɗan leƙen asirin ɗaya ɓangaren ne. Wannan ba laifin kamfani ba ne, amma mai shirin sayen irin wannan aiki ya sani: ranar da rahoto ya shigo gida, ranar za ka ga waɗanda abincinsu ke cikin duhun da kake ciki.

To, ga inda kayan suka zuba.

Ƙaramin laifin shi ne na wani yaro cikin masu tambaya da ya zauna a gindin bishiya ya cike takarda 30 da kansa. Su suka kama shi, don wayar ta nuna duk a wuri ɗaya aka cike su, kowace cikin minti uku. Suka kore shi, suka sake rumfunan, muka yi asarar mako guda. Na yafe wannan, tunda ba ɓoyewa suka yi ba.

Wanda ban yafe ba shi ne rahoton. Shafi kusan 60, da Turanci, cike da zane-zanen ƙididdiga masu launi. Mutanen da za su yi aiki da shi shugabannin mazaɓu ne, wasu boko kaɗan suka taɓa, wasu ajami suke rubutu. An yi tambaya da Hausa, an amsa da Hausa, aka juya ta Turanci, aka miƙo mana mu sake juyawa. Sai da na riƙe cikon kuɗinsu kafin suka kawo shafi huɗu da Hausa. Taken kamfen da suka kawo ma da ka ji shi ka san ba da Hausa aka yi tunaninsa ba, wani abu ne kan "sabuwar makoma tare". Na karanta wa yaran shagona, ɗaya ya ce, "Baba, wannan ai tallan banki ne." Taken da ya kama a ƙarshe daga bakin wata mata a zaman Malama ya fito, kalma uku kan ruwa, ba zan faɗa ba don zai tona mazaɓar. Saurayin da ke riƙe musu ɓangaren intanet kuma ya so mu zuba kuɗi a Facebook. Na tambaye shi cikin masu danna mana alamar so, nawa ne ke da katin zaɓe a mazaɓarmu, nawa ne ke Legas da Saudiyya. Bai da amsa, ni ma ban da kuɗi.

Babban kuskuren zagayen farko kuwa na harshe ne, abin mamaki daga Hausawa. An tambayi mutane kai tsaye, za ka zaɓi wane? Bakano ba ya ce wa baƙon da ya yi masa sallama a'a. Zai ce in sha Allahu. Zai ce Allah ya ba mai rabo sa'a. Zai ce ai duk namu ne. Masu tambayar, yawancinsu ɗalibai, suka riƙa rubuta "in sha Allahu" a gidan goyon baya. Ni a kasuwa, in mai ciniki ya ce in sha Allahu zai dawo gobe, na san in mayar da turmin kan kanta ne. Malama ce ta gano da ta koma kan muryoyin, kuma ita ta zo da kanta ta ce, "Alhaji, adadin magoya bayan da muka ba ku ya kumbura." A zagaye na biyu suka sake salo: takarda mai tambarin jam'iyyu irin ta ranar zaɓe, mai tambaya ya juya baya, mutum ya dangwala ya ninke ya jefa a jaka. Adadinmu ya sauko sosai. Na yaba gaskiyarta, amma wata biyu muka yi muna raba mai da lokaci bisa taswirar da ba daidai ba, muna tsallake unguwannin da muke zaton namu ne.

Zagaye na biyun ma a gurguje ya zo, don ya faɗa cikin tsakiyar wahalar takardar kuɗi. Babban Banki ya sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, wa'adin tsofaffin ya tashi daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma ba a ganinsu. Masu tambaya ba su da tsabar da za su biya ɗan acaɓa zuwa ƙauye, tiransifa kuma sai ta kwana ba ta shiga ba. Aka ƙare da mutum wajen 400, kuma waɗanda suka faɗi yawancinsu na ƙauyukan ne. Wato an koma sukar buhu a sama, abin da Malam da bakinsa ya gargaɗe ni a kai. Wahalar ba su suka kawo ta ba, amma ba su rage kuɗi ba sai da na tuna masa da wake na Dawanau. Ya yi dariya ya cire dubu 200.

Akwai abubuwa biyu da suka yanke zaɓen, kuma duka biyun ma'aunin nan bai kama su ba. Na farko fitowa. An tambayi mutane ko za su fita zaɓe, kusan kowa ya ce zai fita, kamar yadda kowa zai ce yana sallar asuba a jam'i. Ranar 25 ga Fabrairu, da aka yi zaɓen shugaban ƙasa, a cikin masu rajista sama da miliyan 93 a ƙasar nan, wajen kashi 27 cikin 100 ne suka fita. A Kano mai masu rajista miliyan 5.9, Kwankwaso ya samu 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Obi 28,513. Haɗa su, ba su kai miliyan 1.7 ba. Kamfanin Stears, wanda shi ma ya yi ƙuri'ar jin ra'ayi, ko ba komai ya ɗaure hasashensa da yawan fitowa, ya ce in jama'a suka fito da yawa Obi ne, in suka yi ƙaranci Tinubu ne. Namu ba su yi mana irin wannan rabon ba. Sun auna ra'ayin mutum goma, bakwai daga ciki suna gida ranar.

Na biyun ya fi ciwo. Takardar ƙuri'a a ƙasar nan ba ta ɗauke da suna ko hoton ɗan takara, tambarin jam'iyya ne kawai. Zaɓen majalisar jiha kuma rana ɗaya ake yinsa da na gwamna. Da aka ɗage shi daga 11 zuwa 18 ga Maris don a sake saita na'urorin BVAS masu tantance masu zaɓe, mako uku aka yi a Kano ba wanda ke zancen ɗan majalisar jiha, magana ɗaya ce, Abba ko Gawuna. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wajenmu ita ce mutum nawa za su yi sak, mutum nawa za su yarda su yi wake da shinkafa, su ba gwamnan wata jam'iyya su ba mu tamu. A zagayen farko ba a yi wannan tambayar ba sam. Mun kashe wata uku muna koya wa mutane sunan Honarabul, suka shiga rumfa ba su ga sunan ba. Da na yi wa Malam ƙorafi ya amsa laifin, ya ce irin tambayoyin da ake yi a ƙasashen da suna ke kan takarda ya kwaikwayo.

Abba Kabir Yusuf ya ci da 1,019,602, Nasiru Gawuna ya samu 890,705. Mu mun faɗi, guguwar da ta kaɗa a yankinmu ba tamu ba ce. Tazarar ba ta da yawa. A ƙananan mazaɓu biyun da aka fi yin zaman cikin gida mun ci, har Honarabul ya ɗara ɗan takarar gwamnanmu ƙuri'a a rumfunan mata. Ina so in ce aikin Malama ne, amma ɗaya daga cikin mazaɓun nan ne dangin mahaifiyarsa suke, don haka ba zan rantse ba.

In aka tambaye ni ko zan sake saye, zan sake, amma ba duka kayan ba, kuma ba don a gaya mini wa zai ci ba. Malam da kansa ya ce mutum 600 na iya kuskure da maki 4 sama ko ƙasa ko an yi komai daidai. A 2019, bayan zaɓen da aka ce bai kammala ba da rikicin da ya faru a mazaɓar Gama, ƙuri'a 8,982 ce ta raba Ganduje da Abba a cikin sama da miliyan 2. Ma'aunin da ke kuskure da tiya ba ya auna zinariya. Abin da zan biya ba tare da ciniki ba shi ne zaman tsakar gida da masu tambaya mata, kuma zan yi shi tun kafin zaɓen fid da gwani, ba bayan an buga fosta ba. Zan sa a yarjejeniya cewa rahoto da Hausa ne, cewa zan ga tambayoyin kafin a fita, cewa da takarda mai tambari za a auna tun zagayen farko, cewa kuma in aka tsallake ƙauye an tsallake kuɗinsa. Tsarin take da talla kuwa su riƙe abinsu. Wanda ke neman kansila ba ya buƙatarsu, ƙafarsa da ta matarsa sun isa su zaga mazaɓa ɗaya. Wanda kuma ya san ba ya iya jin cewa ba a san shi ba, ya ajiye kuɗinsa ya ƙara motocin gangami, zai fi jin daɗi har zuwa ranar ƙirga.

Cikon kuɗinsu na biya bayan ƙaramar sallah. Malama ce ta zo karɓa, ta zaɓi turmi ɗaya cikin atamfar kamfen da ta yi kwantai, ta nace sai ta biya. Na ce ta bar shi gyara ne. Kafin ta tafi ta tambaye ni ko Honarabul ya koma wajen matan nan da suka yi zancen famfo. Na ce ai bai ci ba. Ta ce ta sani, su ma sun sani, tambaya dai suke yi in ta haɗu da su a asibiti. Na kira shi a gabanta, wayar ta yi ta ƙara bai ɗaga ba. Sai da yamma ya kira ni, ya ce yana Abuja.